Littafi Nawa Za Mu Sauke Bana?



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu, alhali kuwa a cikin wannan ɗaki akwai waɗanda suka riga mu riƙe alƙalami da shekaru masu yawa. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne yadda ɗalibi ko matashin ma'aikaci zai tsara wa kansa karatun shekara guda, wato irin karatun nan da ba malami ne ya ɗora masa ba, ba kuma jarrabawa ce ke jiransa a ƙarshe ba. Za mu yi maganar ne da bakin 'ya'yan ƙasar Daura, domin a nan muka tashi, nan ne kuma muka san abin da ke cinye wa mutum yininsa.

Bari mu fara da inda zancen ya samo asali a wannan zamani. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani yayi da masu son littafi suke yi. Da zarar Janairu ta kama, sai mutum ya fito bainar jama'a ya ɗauki alkawarin zai karanta littafi 52 kafin shekara ta ƙare, wato ɗaya a kowane mako. Wani ma ya ce 100. Daga nan sai a shiga ƙidaya, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa inda ya kai. Wannan yayi ya iso mu ta cikin wayoyin hannu, har mun fara jin wasu abokai suna ambaton nasu adadin. Ba za mu kushe shi ɗungurungum ba, don akwai abu guda mai kyau a cikinsa. Alkawarin da aka yi a gaban mutane ya fi wanda aka yi a zuci wuyar karyawa, balle ga Bahaushe da ya san kunya. Illar tana cikin ƙidayar. Wanda ya ce 52, idan Oktoba ta yi ya ga yana kan 30, me zai yi? Zai ture duk wani littafi mai kauri da ke bukatar a zauna da shi, ya bi sirara yana haɗiya ba tauna, don dai lissafi ya cika. Ranar 31 ga Disamba lissafi zai cika kuwa, amma ka tambaye shi abin da littafi na 17 ya ƙunsa, ka ga ido ya raina fata. Ban da haka, waɗanda suka ƙago wannan yayi suna da laburare a bayan gidajensu, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da albashin da sayen littafi ba ya girgiza shi. Ɗalibin da ya fito daga Baure ko Sandamu, wanda kuɗin motar komawa makaranta ma sai an kai 'yar akuya kasuwa, idan ya ari wannan riga yadda take, za ta yi masa yawa.

To, ashe muna da namu tsarin tun kafin a haifi kakannin masu wancan yayi. Mu tuna da zaurukan malaman ilimi na cikin Birnin Daura da Zango da Mai'aduwa, inda wasunmu suka ɗan zauna, wasu kuma har gobe suna zuwa in an yi hutu. Almajirin ilimi ba ya cewa ya karanta littafi, sai dai ya ce ya sauke shi, kuma kalmar nan ta sauka tana da sharuɗɗanta. A fannin fiƙihu yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari, ya shiga Ishmawi da Iziyya, sannan Risala, kafin ya kai ga Askari da Muhtasar idan Allah ya ja kwana. Ba ya tsallaka ƙarami ya faɗa babba. Abin da yake ɗauka a kullum kuwa ɗan kaɗan ne, wani lokaci 'yan layuka, ya karanta malam ya fassara masa, gobe kuma ba za a yi masa ƙari ba sai ya biya na jiya. Risalar nan an rubuta ta ne a Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, sama da shekara dubu da suka wuce. Ta ratso hamada tun babu injin ɗab'i, ta zauna a ƙirjin mutanen ƙasar nan, kuma wannan 'yar hanya ta kullum ɗan kaɗan ita ce ta riƙe ta. Haka kuma waɗanda suka kasa Alƙur'ani izu sittin sun fahimci cewa littafi mai tsawo yakan ƙare ne idan an yanka shi gwargwadon abin da rana ɗaya za ta iya ɗauka: izu biyu a yini, wata guda an sauke. Idan azumi ya zo kuma a buɗe Jalalaini da Ashafa, kowa ya san lokacinsu. Wannan tsarin karatun shekara ne cikakke, mai awo na kullum, mai jeri daga ƙasa zuwa sama, mai kuma kunnen da ke sauraron mai karatu.

Abin mamaki shi ne, da aka shiga boko sai aka baro wannan hikima a zaure. Ɗalibin jami'a a yau yakan yi shekara huɗu yana rayuwa a kan 'yan takardun lacca, ya haddace su dare biyu kafin jarrabawa, ya juye su a takardar amsa, ya fito ya karkaɗe kai. Akwai wanda zai karɓi digiri bai taɓa bin littafi guda daga bangon farko zuwa na ƙarshe ba. A zaure irin wannan ko alƙalamin malam ba za a ba shi ya riƙe ba. Shawararmu ke nan a taƙaice: mu ɗauko tsarin sauka mu ɗora shi a kan karatunmu na ganin dama.

Mu yi lissafi tukuna, don kada a ce tatsuniya muke yi. Shafi goma a rana bai fi ƙarfin kowa a ɗakin nan ba. Idan Hausa ce mai sauƙi, minti ashirin sun isa, idan Turanci ne mai duhu, a ce minti arba'in. Shekara tana da kwana 365. Mu yafe wa kanmu kwana 65 saboda jarrabawa da zazzaɓi da Salla da biki da tafiya. Saura kwana 300, wato shafi 3,000. Idan aka kasa su a kan littafi mai shafi 250, an sami littafi 12 ke nan, ɗaya a kowane wata. Adadin da muke ba da shawara ke nan, kuma wanda ya cika shi shekara huɗu a jere zai bar jami'a da littafi 48 a kansa bayan na aji. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai adadi shi ne ƙaramin al'amari. Babban shi ne, waɗanne sha biyun? A nan ne mafi yawan masu niyya suke ɓata, su tsinci wannan yau, su tsinci wancan gobe, kamar mai kiwon kaji a kasuwa. A ganinmu, ya kamata mutum ya ba shekararsa tambaya guda ɗaya, ya sa kamar rabin littattafan su zama masu amsa ta. Mu 'yan ƙasar Daura kuwa ba sai mun je nesa neman tambaya ba, ga ta a ƙofar gida: yaya aka yi Daura ta zama Daura?

Kowa a nan ya iya labarin. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce sai Jumma'a, ya je Kusugu ya kashe macijiya, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo suka watsu suka kafa sarautu. In mun yi baƙo daga Kano ko Legas, mu kai shi bakin rijiya, mu ba shi labarin ba tuntuɓe. Amma bari baƙon ya kasance mai yawan tambaya. Ya ce, to bayan Bawo fa? Me ya faru a 1805? Me ya sa ake jin Zango da Baure suna da tarihin sarauta nasu na daban? A nan ne murya kan yi ƙasa. Alhali kuwa amsoshin suna nan a rubuce. A 1805 ne jama'ar Shehu a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, gidan sarautar Haɓe ya rarrabu, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, suna zaman lallaɓa tsakanin ƙarfin daular Sakkwato da na Damagaram har ƙarshen ƙarni. A 1904 Turawan Ingila suka mayar da sarautar ga tsohon gida, suka naɗa Malam Musa, abin da ba su yi ba a Kano ko Katsina ko Zazzau. Daga shi sai Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar.

Wanda ya zauna ya bi diddigin wannan al'amari, da tsarin sarautun fada da na mata irin su Magajiya, shi ne M. G. Smith, wani masani haifaffen ƙasar Jamaika. Littafinsa mai suna The Affairs of Daura ya fito a 1978, ya ɗauko daga 1800 zuwa 1958, shafinsa kuma ya haura 500. Mutum ya ƙetaro teku ya zauna da dattawanmu ya rubuta mana wannan, mu masu garin kuwa nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin ko bangonsa? Littafi ne mai nauyi, Turancinsa ba na hira ba ne, akwai wuraren da sai an maimaita shafi sau biyu. Amma a shafi goma kullum, bai kai wata biyu ba an sauke shi. Ku lura, a ƙidayar masu yayin 52, wannan dutsen da ƙasidar shafi talatin duk ɗaya ne, kowanne lamba ɗaya. A namu tsarin, mai sauke shi ya ci wata biyu, kuma mu ce ya yi abin kirki.

Daɗin karatun da ke bin tambaya ɗaya shi ne littattafan sukan fara gardama da juna a cikin kanka. Ka duba yadda H. R. Palmer ya kawo Girgam, wato jerin sarakunan Daura, a cikin Sudanese Memoirs na 1928. Sannan ka buɗe Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda akwai fassararsa da Hausa, ka tarar shi ya kawo Bawo a matsayin bawan Sarkin Barno. Sai ka nemi maƙalar da W. K. R. Hallam ya rubuta a 1966 a kan labarin Bayajidda, da wadda Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar a 1970 game da yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Shi Abdullahi Smith ra'ayinsa shi ne, bai kamata a jingina kafuwar birane da sarautu ga zuwan baƙo guda ba, a dubi yadda ƙauyuka suka zama garuruwa, garuruwa suka zama birane, ta hanyar noma da ƙira da fatauci. Wani zai ji wannan ransa ya sosu, ya ce ana taɓa martabar gari. Mu ba mu ga haka ba. Labarin da aka gada yana da matsayinsa, shi ne ya haɗa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram a zuri'a guda, kuma shi kansa abin nazari ne, don ya riƙe mana tunawa da cewa mata sun yi mulki a wannan ƙasa. Amma ɗan Daura da ya san abin da Bello ya ce, ya san abin da Smith ya ce, ya fi wanda labari ɗaya kawai ya iya ƙarfin tsayawa a gaban masu gardama. Wanda kuma ya ƙoshi da wannan yana son ƙari, ga The Transformation of Katsina na Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya fito a 1981. Abin kunya ne a ce akwai kwaleji a garinmu da ke ɗauke da sunan wannan bawan Allah, ana shiga ana fita a ƙarƙashin allon sunansa, ba a san abin da ya rubuta ba.

Tarihin sarakuna kaɗai yakan busar da maƙogwaro, don haka a sa Baba of Karo a cikin jerin. Mary Smith, matar shi wancan M. G. Smith, ita ce ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta, ya fito a 1954, daga baya kuma aka buga shi da Hausar da ta faɗe shi. Ba 'yar Daura ba ce, amma abin da ta faɗa na aure da kishi da goyo da bauta da zuwan Turawa, kamar kakarka ce take ba ka labari a tsakar gida.

Wannan ya kawo mu ga littattafan Hausa, kuma muna roƙon kada su gaza huɗu a cikin sha biyun. Akwai ɗalibai, musamman na fannin kimiyya, da suke ganin karanta Hausa koma-baya ne, abin da aka bari a firamare. Su saurari wannan. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, an haife shi a 1911, wato yana da shekara 22 a lokacin. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, an haife shi a 1912. Sa'o'inmu ne ke nan, dukansu kuma 'yan Kwalejin Katsina ne, nan kusa da mu. Imam bai iya rubuta Magana Jari Ce don baiwa kaɗai ba. Ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya tauna su, ya fito da su da rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Wanda ya karanta waɗannan yana yaro ya sake komawa yanzu, zai tarar ba littafin da ya bari ba ne. Yaro dariya yake nema a wurin aku, babba kuwa zai ga darasin yadda ake faɗa wa mai mulki gaskiya ba tare da an rasa kai ba.

A haɗa da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, ko don a san ɗan gida ma ya taɓa alƙalami. A haɗa da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 yana magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Mu da muke da Kongwalam da kasuwar Mai'aduwa a gefenmu, muka ga abin da rufe iyaka ya jawo a 2019, da wanda aka sake yi a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba ma bukatar mai yi mana sharhin wannan littafi. Ga kuma So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A nan bari mu ɗan ratse mu faɗi wata gaskiya da ba za ta yi wa maza daɗi ba. Idan ana maganar sauke littafi daga farko zuwa ƙarshe, 'yan'uwanmu mata sun yi mana nisa. Tun zamanin da ake hayar littattafan kasuwar Kano a shaguna, har zuwa yau da suke karantawa a waya, su ne suka riƙe karatun Hausa. Namijin da ke yi musu dariya wai soyayya suke karantawa, a tambaye shi shi me ya karanta. Abin da muke roƙonsu kawai shi ne su faɗaɗa gona, tunda sun riga sun iya noman.

Waƙa kuwa, ta Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu ko Aliyu Namangi, ba a karanta ta da ido kawai. A rera ta da murya, ko da a ɗaki ne kai kaɗai.

Yayyenmu ma'aikata, ku gafarce mu, muna da 'yar magana da ku, don mun san za ku ce ofis da iyali ba su bar muku lokaci ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 yana da sashe 320. Wanda ya karanta sashe ɗaya kowace safiya kafin ya buɗe fayil, zai sauke shi tun shekara ba ta ƙare ba, har da rarar kwanaki na duba jadawalin da ke bayansa. Jadawali na huɗu shi ne ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Masarautar nan tana da ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma da yawanku a cikinsu kuke aiki, mu ma wataƙila can muka nufa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, aka yi ta muhawara a majalisun shayi, amma nawa ne cikin masu muhawarar suka san abin da doka ta ce aikin ƙaramar hukuma ne? Haka nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda duk rikicin gona da fili yake komawa gare ta. Ƙaramin ma'aikacin da bai karanta dokar aikinsa ba, duk abin da aka tura masa sa hannu zai yi, ranar da bincike ya zo kuma sunansa za a tarar a takarda, wanda ya ba shi umurni da baki ya riga ya yi gaba.

Gurbi ɗaya ko biyu da suka rage, a leƙa waje da su. Akwai littafin Cheikh Hamidou Kane na ƙasar Senegal, da ya fito a 1961 aka kuma fassara shi da Turanci da sunan Ambiguous Adventure, labarin yaron da aka ɗauke daga makarantar allo aka kai ta Faransawa, wanda duk ɗan boko a ɗakin nan zai ga fuskarsa a ciki. Mai son sanin dalilin talaucin nahiyarmu ya gwada How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney, na 1972, ya yarda da shi ko ya yi masa gardama. Ɗalibin tarihi ya ɗauki littafi guda na kimiyya, ɗalibin injiniya ya ɗauki na tarihi.

Sai maganar lokaci. Kalandar Turawa ta fara daga Janairu, amma rayuwarmu damina da kaka da hunturu da bazara take bi. Da damina da yawanmu in hutu ya kama gona muke, wanda ya yini yana noma ba zai iya da M. G. Smith da dare ba, sai a bar wa wannan lokaci waƙa da gajerun labarai. Bayan an kai amfani gida, sanyi ya shigo, dare ya yi tsawo, lokacin manyan littattafai ke nan. Da bazara, sa'ad da ɗaki yake zama tanda tun hantsi, ba abin da ya fi bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, don a lokacin ba a bukatar fitila mai yawa, ba kuma mai aikenka. Azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai kowa ya duba inda zai faɗo ya rage nauyi a watan, tunda yana da nasa karatun. Makonnin jarrabawa a rufe komi, ba laifi. Akwai kuma lokacin da ba ya cikin kalanda. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A shafi goma kullum, wannan zaman ya isa a karanta kusan shafi 2,400. Ba ma fatan a maimaita, amma mai jerin littattafai a aljihu, in aka kulle makaranta, ya san abin da zai buɗe washegari.

Ina za a sami littattafan, ga tsada? Iyayenmu mata sun riga sun warware wannan da adashi. Mutum goma sha biyu su haɗu, kowa ya sayi littafi ɗaya kacal, a ƙarshen kowane wata ya miƙa wa na kusa da shi ya karɓi na wani. Shekara na cika kowa ya karanta sha biyu da kuɗin ɗaya, littafinsa kuma ya dawo hannunsa. Mai kauri a ba shi zagaye biyu. Waɗanda suke karatu a nan gida, a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ko jami'ar sufuri, abin ya zo musu da sauƙi. Waɗanda suka warwatsu a Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya da Sakkwato, su kafa nasu adashin can, ko su riƙa ba direbobin tasha saƙo, yadda ake aiko musu da garin kunu daga gida. Na Kano su ne za su riƙa leƙa mana Kasuwar Kurmi da shagunan littattafai. Wasu tsofaffin littattafan da suka ɓace a kasuwa ana samunsu a intanet, a sauko da su cikin waya. Ba mu hana ba, sai dai a sani waya kasuwa ce, mai karatu a cikinta kamar mai tilawa ne a tsakiyar 'yan tumaki ranar kasuwa. A kashe data kafin a fara.

Adashin nan shi ne zai tsaya mana a matsayin malamin zaure, kuma a nan ne sharaɗin biya yake shigowa. Ranar musaya, kafin ka karɓi sabo, sai ka rufe na hannunka ka yi wa 'yan'uwa bayaninsa na minti biyar, su yi maka tambaya. Kowa kuma ya tanadi littafin rubutu guda, duk wanda ya sauke ya rubuta shafi ɗaya a kansa, da Hausa, ko da littafin na Turanci ne. Mun nace a kan Hausar ne domin Turanci yana da wurin ɓuya, mutum yakan kwafo jimlar marubuci ya zaci ya gane, amma ranar da aka ce ya faɗe ta yadda mahaifiyarsa za ta fahimta, a nan ake sanin ko ta shiga. Idan littafi ya ƙi ka bayan shafi hamsin, kana da damar ajiye shi, da sharaɗin ka faɗa wa jama'a dalili. Sau da yawa garin faɗin dalilin ne wani zai nuna maka ƙofar da ka kasa gani.

Muna ba da shawarar babban zama ya kasance sau ɗaya a shekara, lokacin Sallar Gani, tunda ita ce take dawo da 'yan Daura gida daga ko'ina. A ranar kowane adashi ya kawo littattafan rubutunsa a gani, a kuma zaɓi tambayar shekara mai zuwa.

Yanzu takarda za ta zagaya. Wanda ya shirya ya rubuta sunansa da makarantarsa ko ofishinsa, da littafin da ya ɗauki nauyin saye, a duba kada mutum biyu su sayi iri ɗaya. Roƙonmu na ƙarshe ga malamanmu da iyayenmu tsofaffin ma'aikata ne. Mun san a gidaje da yawa na garin nan akwai akwatuna cike da bugun Gaskiya da NORLA da NNPC, gara tana ta aikinta a kansu, wataƙila har da The Affairs of Daura ɗin da muke nema. A taimaka a buɗe mana su. Za mu rubuta sunan mai shi a bango, mu sa musu riga, mu dawo da su.